Me Ke Cikin Gajimaren Tsakiyar Gungun Taurarinmu?

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Nima, Accra. Na ji an ce akwai manyan gajimare kusa da tsakiyar gungun taurarin da rana take ciki. Shin irin na damina ne?

AMSA: Ɗana, ba irin na damina ba ne. Iskar haidirojin ce da ƙura suka taru, kuma haske na shafe kusan shekara 26,000 kafin ya iso mana daga can. Ƙurar ta tare hasken da ido ke gani, shi ya sa ake nazarinsu da na'urorin hangen nesa masu kama igiyar rediyo, kamar ALMA da ke Chile. Mu ma a Kuntunse, kusa da Accra, muna da irin wannan na'ura, faranti mai faɗin mita 32 da aka ƙaddamar a 2017.

Gajimaren da ke kusa da rana sanyinsu ya kai wajen digiri 260 ƙasa da sifili, amma na tsakiya sun fi su ɗumi da cunkoso, iskar cikinsu kuma tana tafasa tana tumbatsa kamar tukunyar koko a kan wuta. A ganina, nan ne abin mamakin yake, domin duk da yawan kayan haɗa taurari, haihuwar sababbin taurari a wurin ta yi ƙasa da yadda masana suka zata, kuma da yawansu na danganta hakan da wannan hargitsi da ke hana iskar dunƙulewa. Gajimaren Sagittarius B2 kam, ɗaya daga cikin na tsakiyar, yana haihuwar taurari sosai, har an gano ƙwayoyin barasa a cikinsa.