Tarar lodi a Ontario: takardun tifarka ba za su cece ka ba

Tambaya: Ina da tifa tawa a lardin Ontario na Kanada. A watan Maris na kai tsakuwa wani wurin gini cikin gari, aka tsayar da ni, aka auna, aka ci ni tara, alhali lodin bai kai nauyin da ke takardun motata ba. Ɗan kwangilar da ya aike ni ya ce ba ruwansa. Ina so in maka shi da hukumar garin a kotu.

Amsa: Malam, sannu da wannan asara. Ban ga takardar tarar ba, don haka abin da zan faɗa ya tsaya ne a kan bayaninka.

Inda lissafinka ya kauce shi ne zaton cewa nauyin da aka yi wa mota rajista izini ne na bin kowane titi a kowane wata. Ba haka doka ta ce ba. Sashe na 122 na dokar hanyoyin Ontario ya ba hukumomin gari ikon ware tituna su rage musu lodi idan ƙanƙara ta fara narkewa, galibi daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Afrilu, a arewacin lardin ma har cikin Mayu. A wannan tsakanin, iyaka ita ce kilo 5,000 a kan kowane layin taya, wato tayoyin da ke kan aksil guda. Lura da kyau: layin taya ake dubawa, ba jimillar mota ba. Babbar tifa tana iya kusantar wannan iyaka tun ba a zuba mata tsakuwa ba.

Kuma ba zalunci ba ne. Ƙasa daga sama take narkewa, ruwan ya rasa mafita saboda can ƙasa a daskare take, sai gindin kwalta ya yi laushi, nauyi ya farfasa shi. Akwai waɗanda aka sassauta wa, kamar motocin madara da na kashe gobara, amma ban san inda tsakuwar gini ta shiga cikinsu ba. Ƙarar hukumar gari, a ganina, ɓarnar kuɗi ce.

Abin da ya cancanci dubawa shi ne ko titin na cikin waɗanda dokar garin ta lissafa, ko ranar ta faɗa cikin wa'adin, da ko an kafa alama. Koma ka ɗauki hoto. Wannan na iya taimakawa, yana iya kuma zama bai canza komai ba.

Kada ka yi gaggawar biya, domin biya amsa laifi ne, kuma yana iya hawa rajistarka ta CVOR, wato rajistar da lardin ke ajiye tarihin laifuffukan masu manyan motocin kasuwanci a ciki, masu inshora kuwa suna dubawa. Yawanci kwana 15 ne wa'adin amsawa. Nemi zaman sasantawa da mai gabatar da ƙara. Sau da yawa a nan ake samun ragi, ko da yake ba wanda zai yi maka alkawari.

Shi kuwa ɗan kwangila, "ba ruwana" ɗin nan ya yi saurin fita bakinsa. Mutumin da ke gini a garin zai yi wuya ya ce bai san watan rage lodi ba, kuma dokar tana iya kama wanda ya sa aka yi lodi yana sane ya wuce ƙima. Sai dai tabbatar da cewa ya sani aiki ne, kuma ko an kama shi, tararka ba ta faɗi ba, tunda kai ke riƙe da sitiyari. Duba yarjejeniyarku, ka tara saƙonnin da ya turo maka na hanya da yawan kaya, ka rubuta masa takarda cikin ladabi ku raba asarar. Idan ya ƙi, ƙaramar kotun bashi na nan, amma kafin nan ka nuna wa lauya ko wakilin shari'a mai lasisi a Ontario takardun gaba ɗaya.