Zauren Anti: "Sunansa ɗaya da na Baba, ranarsu ma ta zo ɗaya"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Allah Ya yi wa mahaifina rasuwa ranar Alhamis, 3 ga Maris, 2022. Sunansa Usman. Bana wani ya fito neman aurena, shi ma Usman, kuma ranar Alhamis ya fara sallama a gidanmu. Da na ga katinsa na ɗan ƙasa, sai ga shi an rubuta 3 ga Maris aka haife shi. Jikina ya yi sanyi. Gwaggona ta ce Allah ne Ya mayar mini da uba, kada in yi wasa da shi. Ƙawata kuwa ta ce ita tsoro abin ya ba ta, a ce ranar haihuwar mijinki ita ce ranar makokinku. Anti, alama ce ko me?
Ɗiyarki, daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa.

Kafin in yi ritaya lissafi nake koyarwa, don haka ki yi haƙuri in fara da sana'ata. Na sha kiran suna a aji in ce "A'isha", kawuna biyar su ɗago. Sai a bambanta su da sunan uba, shi ma ya zo ɗaya, a ƙarshe mu koma A'isha Doguwa da A'isha Ƙarama. Sunayen yanka 'yan kaɗan muke ta juyawa tsakaninmu. A ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi jihadi, in kika tsaya a bakin kasuwar Funtuwa kika ƙwala kiran Usman, sai kin rasa wanda za ki saurara. Alhamis kuwa ɗaya ce cikin kwana bakwai, shi ya sa gari yake cike da su Lami da Ɗanlami.

Maganar 3 ga Maris ta fi nauyi, ban musa ba. Amma akwai wasan da nake yi wa ɗalibaina: kowa ya faɗi ranar haihuwarsa, kafin a gama zagaya aji sai ka ji wasu biyu sun yi ihu. Lissafi ya nuna in mutum 23 kawai suka taru, yiwuwar a samu biyu masu rana ɗaya ta ɗara rabi. Naki ya fi wannan wuyar faruwa, tunda rana guda takamaimai ce, sai dai ki lura da abin da ba ki ƙirga ba. Garinsu ɗaya da Baba? Sana'arsu fa? Sunan mahaifiyarsa? Duk inda suka saɓa kin wuce ba ki tsaya ba, uku da suka dace su kika rubuto mini. Sannan a kalandar boko ce suka haɗu. Shekarar Musulunci ta gaza ta boko da wajen kwana 11, don haka da wuya a ce watan da aka haife shi shi ne watan da Baba ya rasu. Ban ma shiga batun ranakun haihuwar da ake zuwa kotu a yi rantsuwa a kansu ba. Ki tambayi mahaifiyarsa wata rana, wataƙila ta ce miki da kaka aka haife shi.

Ko tarihin ƙasar nan bai rasa irin wannan ba. Juyin mulkin 29 ga Yuli, 1966 shi ya kai Yakubu Gowon kan mulki, kuma 29 ga Yuli, 1975 aka kifar da shi yana taro a Kampala.

Duk da haka ba zan yi wa Gwaggo dariya ba, don ni ma abin ya taɓa ni. Ranar Juma'a Innata ta rasu, jikata ta fari ma ranar Juma'a ta faɗo, aka mayar mata da sunan, muna ce mata Ummi. Na san lissafin sarai, amma duk sanda ta shigo ɗakina da gudu sai in ji sanyi a raina. Addini bai hana wannan ba. A sulhun Hudaibiyya, da Ƙuraishawa suka turo Suhailu ɗan Amru, Manzon Allah (SAW) ya ce wa sahabbai al'amarinsu ya yi sauƙi, saboda sunan daga kalmar sauƙi ya fito. Wannan shi ne kyakkyawan fata. Amma ki lura, sai da aka zauna aka tattauna sharuɗɗa aka rubuta. Sunan bai ɗauke musu wannan aikin ba.

Maganar ƙawarki kuwa camfi ce tsagwaronta. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ce. Annabi (SAW), yana cikin jimamin ɗansa, ya gaya musu rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ki gaya mata ni na ce ta daina razana ki.

Abin da ya ba ni mamaki a wasiƙarki, ba ki gaya mini komai game da yaron ba ban da suna da rana. Me yake yi? Yana sallah? Yaya yake da mahaifiyarsa da ƙannensa mata? Ki sa kawunki ya je unguwarsu ya zauna da masu shago da liman, ke kuma ki yi istihara da kanki, kada ki bari a kai sunayenku wajen mai hisabi ko mai bugun ƙasa. Ina jiye miki tsoro ɗaya: kewar Baba ta sa ki ɗora wa saurayi rigar da ba tasa ba, ranar da ya ɓata miki rai ki ji kamar an sake yi miki rasuwa.

In bincike ya yi kyau aka sa rana, ki turo mini kati. Sunan ma dai ba za ki iya faɗa ba, sai ki fara koyon cewa Shehu tun yanzu.