Re: Mun yi gayyar share kogi amma shara ta dawo, ya za mu yi?

Salam ɗan'uwa. Ka ce matasan unguwarku sun yi gayya sun kwashe sharar kogin da ya ratsa cikin gari, ruwan sama na sauka komai ya dawo. To ai dole ya dawo, don matsalar ba a cikin kogin take ba, duk kwata da lambatun da ke gangarowa cikinsa tun daga unguwannin sama su ne tushen abin, leda da baƙin mai na makanikai da ruwan sokawe duk nan suke ƙarewa. Ruwan masai shi ke ciyar da gansakuka, in ta ruɓe ta cinye iskar da ke cikin ruwa sai ka ga kifi na mutuwa.

Shawarata ku bi kogin da ƙafa har sama, ku ɗauki hoton duk inda ƙazanta ke shiga, sannan ku zauna da mutanen wajen, musamman masu gareji da masu wankin mota. In ba a samar musu wurin zubar da shara ba wallahi wa'azi kawai ba zai yi ba.

A gaɓa ku shuka jema da itatuwan da dama can suke fitowa a yankin, saiwar jema na nitsewa kusan mita 3, tana riƙe ƙasa sosai. Kar ku yarda a zuba kankare ko'ina, gudun ruwa yake ƙarawa ambaliya ta faɗa wa na ƙasa.

In kun ga ruwa mai kala ko warin kemikal daga masana'anta, kar kowa ya taɓa, ku kai rahoto hukumar kula da muhalli su ɗebi ruwan a gwada a lab. Ranar aiki kuma safar hannu da takalmin roba dole ne, kar a bar yara su shiga bayan an yi ruwa.