Ruwan Golf ɗina ya koma ja kamar na kududdufi: in wanke ko in bar shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni direba ne daga wani ƙauye kusa da Gumel. Ina da Golf 3, ita nake jigila da ita zuwa Kano, ranar Alhamis kuma kasuwar Maigatari. Shekara 6 tana hannuna ban taɓa juye ruwanta ba, sai dai ƙari, kuma ruwan rijiyar gidanmu nake zuba mata. Yanzu ruwan ya koma ja, kuma da rana ta take, in na tsaya lodi sai allurar zafin inji ta haura. Bakanikena ya ce kada in kuskura in wanke, wai dattin nan shi ya toshe wuraren yoyo, ranar da na wanke ranar motar za ta kwanta. Ya ce kulan, ruwan kalar nan da ake zuba wa lagireto, na ƙasashen ƙanƙara ne, shi ya sa ma ya cire min tamostat, abin nan mai buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, tun bara. Wallahi hankalina a tashe yake, motar nan ita ce abincin gidana da na mahaifiyata, ga bazara ta ƙarato. Yaya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya rufa asiri, Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ka kwantar da hankalinka, motar da har yanzu take kai ka Maigatari ta dawo da kai ba ta mutu ba. Wanke ta za ka yi, kuma kafin Afrilu, lokacin da zafin ƙasar nan ke haura digiri 40.

Sai dai kafin ka kashe ko kwabo, gobe da asuba, inji na sanyi, ka buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa, ka zaro sandar awo. In ka ga mai ya yi kalar shayi da madara, ko ka tayar ka ga kumfa na ta ɓulɓulowa a tulun ruwa ba ƙaƙƙautawa, ko farin hayaƙi mai kauri ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗau zafi, to gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya riga ya tafi, wanki ba zai yi maganinsa ba, sai an sauke tof silinda, wato kan injin. In ba ka ga ko ɗaya ba, ka gode wa Allah.

Maganar datti da toshe yoyo, akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, ba zan ɓoye maka ba. A tsohuwar mota, wanki yakan tona ƙofar da tsatsa ta liƙe. Amma ƙofar tana nan ko ka wanke ko ba ka wanke ba. Gara ta bayyana a gareji, kana tsaye a kai, da ta ɓalle maka tsakanin Gujungu da Gezawa da fasinja cike da mota. Kuma dattin da ya toshe yoyo ɗaya, shi ne dai ya toshe rabin hanyoyin lagiretonka, shi ya sa allura ke hawa.

Abin da ya fi ƙona min rai a wasiƙarka shi ne zancen ƙasashen ƙanƙara. Ba a kwana biyu ban ji shi ba, daga bakin yaran gareji har manyan oga-oga masu furfura, kuma ban san wata magana da ta kashe injuna a ƙasar nan kamar ta ba. Mota ta sauka daga Kwatano lafiyarta ƙalau, ruwanta garau mai launi, kafin ta yi wata guda an juye shi a ƙasa, an ɗura na rijiya, an cire tamostat an wurgar, an haɗa fanka dairek, an karɓi kuɗin aiki. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Bayan shekara biyu a ce ai Golf ba ta son zafi.

Gaskiya ne kulan na hana daskarewa: rabi da rabi da ruwa, sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Wannan bai dame mu ba a Jigawa. Gaskiya ne kuma tsurar ruwa ya ɗan fi kulan saurin kwasar zafi, wanda ya faɗi haka bai yi ƙarya ba. To amma aikin kulan bai tsaya nan ba. Injin Golf ɗinka bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, kansa kuwa alminiyam. Ƙarfe iri biyu a cikin ruwa mai gishiri-gishiri, ga zafi, ɗaya sai ya riƙa cin ɗaya. Maganin da ke hana wannan cin yana cikin kulan, babu shi a rijiya, babu shi a burtsatse, babu shi a ruwan leda. Jan da kake gani a tulu ba ƙasa ba ce, naman injinka ne ke narkewa.

In kana son ka ga aikin ruwan rijiya da idonka, ka leƙa cikin butar mai shayin tasharku. Farin ɓawon nan mai tauri da ya kama gindinta, shi ne ke kama cikin lagiretonka da jikin bulok, ita kuwa butar bakinta a buɗe yake, hanyoyin lagireto ko tsinken tsintsiya da ƙyar yake shiga. Kwanaki an jawo min wata Sharon daga wajen Ringim, mai ita ya sauya lagireto sau biyu zafi bai daina ba. Da muka kwance wata-famfo, fukafukan da ke tura ruwa sun cinye sun zama kamar haƙoran tsoho, guntu-guntu, yana juyawa amma ba abin da yake turawa. Na ɗora shi a tafin hannun mutumin, ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Shekara 5 yana zuba ruwan burtsatse, bisa shawarar bakanike.

Ga kuma tafasa. Ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa, injinka kuwa a 90 yake aiki, ka ga tazarar ba ta da yawa. Rabi da rabi da kulan yana kai shi wajen 107, in aka haɗa da murfi mai riƙe iska sai ya wuce 125. Wa ya fi bukatar wannan tazara, Bajamushe ko kai da ke tsayawa lodi a Maigatari da azahar? Murfin nan shuɗi na kan tulu ba ado ba ne, in robarsa ta mutu ko ka ga an naɗa masa leda, sauya shi.

Tamostat kuwa ba ya haifar da zafi sai in ya maƙale a rufe, wanda ya maƙale kuma sauya shi ake yi da sabo. Cire shi baki ɗaya, a ce an yi gyara, ha'inci ne ko jahilci. Aikinsa ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi a kai, tsakanin digiri 80 da ɗoriya zuwa 90, sannan ya buɗe. Babu shi, da asubar hunturu inji zai yi ta tafiya da sanyi, ya riƙa shan fetur fiye da ƙima, rarar fetur ɗin ta wanke man da ke jikin silinda ta gangara cikin baƙin mai, ringi su ci. Sannan a injuna da yawa, tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Ka cire shi, wani kason ruwan sai ya riƙa zagaye a ciki da zafinsa. An gudu gara an faɗa gidan zago. Kai shaida ne: an cire maka tun bara, zafin ya tafi? Ni dai roƙona ga 'yan'uwana masu sana'a, mu ji tsoron Allah. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, dukiyar mutane amana ce a hannunmu, kuma direba talaka ne ke biyan kuɗin kuskurenmu.

Wankin kansa ba wuya, rabin yini ne. Da safe, inji na sanyi ƙarara. Kada ka taɓa buɗe murfin ruwa da zafi, na ga fuskar da ta saɓule a kan haka, kuma kada ka kwara ruwan sanyi a injin da ya tafasa, kai yakan lanƙwashe ko ya tsage. Sa roba a ƙasa, cire tiyon ƙasa na lagireto ruwan ya zube. Ɗura ruwa ta ƙasa ya fito ta sama, wato kishiyar hanyar da ya saba bi, haka ma a bulok, har ka ga ya daina fita da ja. Tulun ma a kwance shi a jijjige. Mayar da komai, cika da ruwa mai tsabta, tayar ya ɗau zafi, bari ya huce, juye. Mai shekara 6 irin naka zai nemi sau uku ko huɗu. In ka samu maganin wankin lagireto na gwangwani, bi abin da aka rubuta a jikinsa, kada ka bar shi ya kwana. Omo, soda da ruwan asid kuwa, kada su kusanci motarka. Soda cin alminiyam take. Ƙwai, garin kwaki da garin barkono da ake zubawa don tsayar da yoyo, su ma kada su kusance ta. In lagireton ya toshe ƙwarai har ruwa ba ya wucewa, sabo za ka nema. Bayansa ma a duba, ƙura da ƙaiƙayi kan cushe shi, a wanke a hankali kada a lanƙwasa shi. A taɓa kowane tiyo, wanda ya kumbura ko ya yi laushi a sauya, a duba robobin da tiyo ke shiga a jikin kai, Golf ta yi suna da tsagewarsu.

Sai sabon tamostat da zoben robarsa, a mayar da fanka kan suwic ɗinta. Wajen sayen kulan, a Ƙofar Ruwa ko ina ne, ka buɗe ido, akwai ruwan kala kawai a jarka. Karanta jiki, ka ga an rubuta ethylene glycol, ka kuma duba ko haɗaɗɗe ne ko mai kauri da ake sirkawa. Volkswagen ta fara da G11 mai shuɗi-kore, daga baya ta koma G12 mai ruwan hoda. Kada ka gauraya su, zaɓi ɗaya ka zauna a kai. Motarka na cin wajen lita 6. In mai kauri ne, fara zuba lita 3, tunda akwai ruwan da ya rage a bulok, sannan ka cike da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, wanda ba asid a ciki, ka tambaya ka tabbatar. Kada kulan ya gaza kashi 40 cikin 100, kada ya wuce 60. Zuba a hankali kana matsa tiyo iska ta fita, tayar har fanka ta kama ta saki, washegari da sanyi ka cike zuwa tsakanin layuka biyun da ke jikin tulu. Mako guda kana leƙa ƙasan mota kowace safiya. Kulan irin na da, wato G11, duk shekara 2 ake sauyawa.

Abin da ka juye da ragowar jarkar, Malam, guba ne, kuma zaƙi gare shi. Akuya, kaza da kare suna sha, yaro ma yana sha in ya gan shi a gorar lemo, ƙoda yake kashewa. Kada ka zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke kiwo, kada ka juye shi a gorar abin sha, ka ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa. In tsautsayi ya sa wani ya sha, ba manja, ba madara, ba jiran a ga alama, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da jarkar likita ya gani.