Ban taɓa ɗanɗana giya ba, yaya zan san abincin da ya dace da kowace kwalba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan Maradi ne, ina karatun aikin otal da gidan abinci a birnin Lyon na ƙasar Faransa. A cikin darussanmu akwai na haɗa abinci da giyar inabi, kuma sai an ci jarrabawarsa ake ba mutum takarda. An ba mu jerin giyoyin wani gida mai suna Guigal, aka ce mu san abincin da ya dace da kowace. Ni kuwa ban taɓa sha ba, ba kuma zan sha ba. Abokan karatuna suna kurɓa su tofar, ni ina zaune ina kallon sunaye kamar an ba makaho madubi. Yau in haddace, gobe in manta. Hukuncin addini na san shi, ba shi nake tambaya ba. Shin akwai hanyar da zan gane wannan abu da hankali?

Amsa: Akwai, ƙanena. Ni ma da hanci da kunne na yi nawa karatun. Abin da ke wahalar da kai shi ne ka fara daga sunaye, alhali sunayen su ne na ƙarshe. Abubuwa uku ake auna giyar inabi da su a gaban abinci, kuma duka ukun bakinka ya san su tun kana gida.

Na farko bauri. Ka tuna yadda baki ke yi idan ka tauna goro, ko ka kurɓi kofin farko na shayin Buzaye wanda ya daɗe a kan gawayi: yawu ya ɗauke, harshe ya kama dasashi. Wannan shi ne abin da malamanku ke kira tanin. A cikin ɓawon inabi da ƙwayarsa yake. Jar giya ana tsima ta ne tare da ɓawon, shi ya sa take da launi da bauri. Fara kuwa matse ruwan ake yi a raba shi da ɓawo tun da wuri, don haka baurinta kaɗan ne ƙwarai. Tanin yana kama sinadarin da ke sa yawu santsi, shi ya sa baki ke bushewa. Idan akwai nama da maiƙo a bakin, sai baurin ya lafa, shi kuma ya wanke maiƙon. Ai ka ga yadda ake nemo shayi mai ƙarfi bayan an tashi daga kan gasasshen rago. Dalilin ɗaya ne, kuma shi ne tushen maganar nan ta jar giya da jan nama.

Na biyu tsami. Aikinsa shi ne aikin lemun tsami a kan soyayyen kifi, ya yanke mai, ya farkar da baki. Na uku nauyi, wato bambancin da ke tsakanin zoɓo da kunun gyaɗa idan suna baki. Giya mai ƙarfi da ta daɗe a ganga tana da nauyi. Ƙa'idar ita ce kada ɗaya ya danne ɗaya. Abinci mai nauyi da giya mai nauyi, mara nauyi da mara nauyi.

Yanzu ka ɗauki takarda ka ja layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Kogin Rhône ke nan, daga Lyon inda kake har ya faɗa Bahar Rum. Faransawa yawanci sunan wuri suke rubutawa a jikin kwalba, ba sunan irin inabin ba, saboda haka duk sunayen da ke ruɗa ka garuruwa ne da tuddai a bakin wannan kogi. Raba layin biyu. Arewa, daga Vienne zuwa Valence, gonakin a jikin tuddai suke, kuma jan inabi iri ɗaya ne tak, Syrah. Kudu, kewayen Avignon, ƙasa ta buɗe, rana ta fi zafi, sarkin inabi a can Grenache ne, ana gauraya shi da wasu. Idan ka riƙe wannan, rabin jerin ya shiga hannunka.

Gidan Guigal yana Ampuis, ƙaramin gari kudu da Vienne, jirgin ƙasa da mota duk ba za su ci maka rana ba daga Lyon. Étienne Guigal ne ya kafa shi a 1946, bayan ya yi shekaru yana aiki a wani tsohon gidan giya na garin mai suna Vidal-Fleury. A 1961 makanta ta same shi, ɗansa Marcel ya karɓi ragama yana matashi, daga baya ma suka saye gidan da uban ya yi wa barantaka. Yau jikan, Philippe, shi ke kula da haɗa giyar. Suna da gonakinsu, suna kuma sayen inabi da giya daga wasu manoma, shi ya sa jerinsu ya ratsa kogin tun daga sama har ƙasa.

Giyar ƙofar gidansu ita ce Côte-Rôtie, ma'anar sunan gasasshen tudu, don yadda rana ke dukan gangaren. In ka sami hali ka je ka gani da idonka. Gangaren ya yi tsayin da tarakta ba ta hawa yawancinsa, an yi masa matakala da katangun duwatsu, kowace kurangar inabi an ɗaure ta a jikin turke, kuma da hannu ake tsinka. Tsadar kwalbar daga nan ta fara. Syrah ce, amma doka ta yarda a sa farin inabi Viognier har kashi 20 cikin 100 don ƙamshi. Tudun kashi biyu ne: Côte Brune mai duhun ƙasa, giyarta ta fi ƙarfi da bauri, da Côte Blonde mai hasken ƙasa, tata ta fi laushi. Kwalbar da aka rubuta wa Brune et Blonde haɗin biyun ce. Idan aka zuba a aji, kai hancinka bakin kofin. Za ka ji masoro, kuma ba kunnenka aka cika ba, sinadarin da ke ba masoro ƙamshinsa akwai shi a cikin Syrah. Za ka ji ɗan hayaƙi kamar na ƙyafaffen nama. To abincin da ya dace da ita shi ne mai irin wannan hali: gasasshiyar tantabara, ƙirjin agwagwa, cinyar ɗan rago, naman sa da aka barbaɗa wa masoro.

A saman Brune et Blonde akwai wasu Côte-Rôtie uku na Guigal da kowane malami ke son tambaya: La Mouline, La Landonne da La Turque. Kowace daga gona guda take, kuma wata 42 suke yi a sabbin gangunan katako kafin a ɗura su a kwalba. La Mouline ta fara fita da amfanin 1966, La Landonne 1978, La Turque 1985. La Landonne zallar Syrah ce, ita ce mafi bauri, tana son naman daji irin su barewa da zomon daji. La Mouline tana da rabonta na Viognier, ta fi taushi, tsuntsaye sun fi dacewa da ita. A ganina, idan kwalba ta kai wannan daraja, abincin ya kamata ya sassauta. Gashi mai kyau da romonsa ya isa. Mai dafuwar da ya cika miya da kayan ƙamshi goma a gaban irin wannan kwalba ya yi wa baƙo asarar kuɗinsa.

Hermitage, tudun da ke saman garin Tain, ita ma Syrah ce mai nauyi, ka sa ta layi ɗaya da waɗannan: naman sa, naman daji. Saint-Joseph da Crozes-Hermitage ƙannenta ne, sun fi sauƙin kai da sauƙin kuɗi, suna tafiya da gasasshiyar kaza, da naman maraƙi, da irin tsiran alade da gidajen abincin Lyon suka shahara da shi.

Farar da za ka fi jin daɗin koyo ita ce Condrieu, maƙwabciyar Ampuis, domin hanci kaɗai ya ishe ka gane ta. Zallar Viognier ce. Ƙamshinta na furanni ne da ɗan itacen nan abricot da kake gani a kasuwa lokacin zafi. Tarkonta shi ne ƙamshin yana sa mutum ya zaci zaƙi gare ta, alhali yawancinta babu zaƙi. Tana da kauri a baki, tsaminta kaɗan ne, don haka ba ita ake kai wa ɗanyar kawa ta teku, wato huître, ko kifin da ke neman lemun tsami ba. Abincinta mai laushi ne da man shanu ko kirim: jatan lande, kazar yankin Bresse a cikin farar miya, da quenelle, curin nan na niƙaƙƙen kifi da ake yi a Lyon da miyar Nantua. Ta Guigal mafi daraja sunanta La Doriane. Ga kuma amsar da ke faranta ran malamai: a wannan yanki ake yin wani ɗan ƙaramin cukun nonon akuya mai suna Rigotte de Condrieu, kuma su biyun tare ake kai su. Duk lokacin da ka rasa amsa, ka tambayi kanka me mutanen wurin ke ci. Da wuya ka faɗi. Farar Hermitage kuwa, wadda ake yi da inabin Marsanne da Roussanne, nauyinta ya kai ta ɗauki naman maraƙi da kaza, ba kifi kaɗai ba.

Mu gangara kudu. Châteauneuf-du-Pape ta samo sunanta ne daga zamanin da fafaroma suka zauna a Avignon a ƙarni na 14. Wasu gonakinta cike suke da mulmulallun duwatsu da ke shan rana su riƙe zafi har dare. An yarda a haɗa irin inabi har 13 a cikinta, amma Grenache ce gaba. Ƙarfinta yakan kai kashi 14 zuwa 15 cikin 100, baurinta bai kai na arewa kaifi ba, sai ɗumi da kauri. Abincinta na tukunya ne, wanda ya daɗe yana dahuwa: daube, wato naman sa da ake dafawa a hankali da jar giya, ko kafaɗar rago da tafarnuwa da zaitun. Gigondas, wata giyar kudun, ita ma haka. A 2017 Guigal suka sayi gidan giya na Château de Nalys a yankin Châteauneuf-du-Pape, za ka iya ganin sunan a jerinku.

Tavel giya ce mai ruwan hoda, kuma garin ba a yarda ya fitar da wani launi da sunansa ba sai wannan. Ana barin ruwan da ɓawo na ɗan lokaci, shi ya sa ta fi sauran irinta duhu da jiki. Ita ce mai ceton ma'aikaci idan tebur ya rabu, wannan ya ce kifi, wancan ya ce nama. Tana shiga da couscous, da ratatouille, wato dafaffen haɗin kayan lambu, da gashin waje. Ita ce kuma amsarka idan abinci yana da yaji. Barkono da giya mai ƙarfi ba sa jituwa, ƙarfin giyar yana ƙara rura zafin yajin, baurin kuma ya koma ɗaci. Wanda ya ci tsire da yajin ƙuli ya bi shi da Châteauneuf, ya ƙara wa wuta fetur ne. A ba shi mai sanyi mara bauri.

Côtes du Rhône, ja da fara da mai ruwan hoda, ita ce ta yau da kullum, ita za ka fi buɗewa. Kada ka wahalar da kanka a kanta.

Kuskure biyu ne ke kayar da ɗalibai. Ɗaya shi ne jar giya mai bauri da kifi mai mai, haɗin yana tayar da ƙarni a baki. Ɗayan zafi ne, kuma ni kaina ya taɓa kayar da ni. Ina sabon shiga a wani gidan abinci, a watan Yuli, na ɗauko jar kwalba daga kantar da ke jikin bangon kicin, don an koya mini cewa ja ba a sa ta a firiji. Baƙon, wani dattijo, bai ko kurɓa ba. Ya kai kofin hanci, ya ajiye, ya kama hannuna ya ɗora a jikin kwalbar. Ɗumi gare ta kamar jikin mai zazzaɓi. Ya ce in kawo bokitin ƙanƙara, muka tsaya minti goma ni da shi muna kallon kwalba, mai gidan yana harara ta daga nesa. Manyan jajaye digiri 16 zuwa 18 suke so, Condrieu wajen 12, Tavel 10 zuwa 12. Idan ja ta yi zafi, warin barasa ne ke fara dukan hanci, kuma wannan kai ma za ka iya ji ba tare da ka kai baki ba.

Idan aka zo kayan zaƙi, ka ajiye duk waɗanda na lissafa. Giyar da ba ta kai abincin zaƙi ba tsami take komawa a baki. Can kudu akwai Muscat de Beaumes-de-Venise mai zaƙi, gidan Vidal-Fleury na yin ta, ita ake kai wa kek ɗin abricot da kayan marmari, da sanyinta, a ƙaramin kofi.