Ana rage wa mutum haraji in ya gyara tsohon gida?

Tambaya: Salam Malam. Muna da gidan gado a Fagge, ginin ƙasa ne, da shaguna uku a gaba muna ba da haya. Yayyena sun ce a rushe a yi filaza, ni kuma na ji an ce a ƙasashen waje ana rage haraji in ka gyara tsohon gini. Akwai irin wannan a Kano?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, amma can ne. A Amurka tun 1976 suke da tsarin, yanzu in ka gyara ginin da gwamnati ta sa a jerin na tarihi kuma yana kawo kuɗi, kamar haya ko otal, ana cire maka kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyaran daga harajin da za ka biya, a rarraba cikin shekara 5. Faransa ma tana da dokar kare tsofaffin unguwanni tun 1962. Sai dai fa da sharaɗi, ba ka isa ka sauya fuskar ginin yadda ka ga dama ba.

Mu nan babu rangwame na musamman don gini ya tsufa. Wanda ya yi kama da shi na titi ne, wanda Buhari ya sa wa hannu a 2019, kamfani ya gina hanya a cire masa a haraji, da shi Dangote ya yi titin Obajana zuwa Kabba.

Toh amma akwai abu ɗaya da masu gidajen haya da yawa ba su sani ba. Kuɗin hayan shagunan nan kuɗin shiga ne, akwai haraji a kansa, kuma doka ta yarda ka cire abin da ka kashe wajen gyara kafin a lissafa maka, wato yaɓe, sauya azarar da gara ta ci, gyaran indararo, kwanon da ke yoyo, duk suna shiga matuƙar na wajen da ake hayar ne ba ɗakunan da kuke kwana ba, kuma kana da rasit. Nan ne matsalar, maginanmu ba sa ba da rasit, sai dai a yi ciniki da baki. Ka sa a rubuta a sa hannu. In kuka rushe kuka yi filaza kuwa wannan sabon gini ne, ba a cire kuɗinsa lokaci guda.

Ni dai a ganina rangwamen nan bai kai ya yanke muku hukunci ba, kuɗin kaɗan ne. Gidajen cikin gari galibi rigimar magada ce ke kayar da su, kowa na jiran wani ya sayi siminti har damina ta zo. Ku fara daidaitawa a rubuce kan wa zai biya me, ku kira magini da ya san ginin ƙasa ya duba gindin katangu, sannan ka je ofishin KIRS, wato hukumar tattara haraji ta jihar Kano, da rasitanka. In kuma rushewar ce ta yi rinjaye, sai kun nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, kafin ku sa bulo ko ɗaya.