Dalilin da kada ke daɗewa bai ci ba

Malam, ka tambayi yadda kada ke shafe watanni bai ci komai ba, alhali ƙadangare kullum yana bin ƙwari. Dukansu rana ce ke ɗumama musu jiki, shi ya sa abincin da suke bukata kusan kashi 1 cikin 10 ne na dabba mai shayarwa mai nauyinsu. Bambancin yana wajen girma: babban jiki a hankali yake ƙona abinci, kada kuma yawanci a kwance yake wuni.

Zafi ma da tasirinsa. In ya ƙaru da digiri 10, aikin jiki kan ninka sau 2 ko 3. Duba ƙadangare da safiyar hunturu, ko gudun kirki ba ya iyawa sai ya sha hantsi.